Rajista Ta Ɓaci, Akawu Bai Yi Laifi Ba: Yadda Masana Ke Bin Sawun Ɓarna A Cikin Kwamfuta

Duk wanda ya taɓa kwana a Magamar Jibiya yana jiran a sa hannu a takardun motarsa ya san cewa abin da ke tsare da iyaka shi ne rajista, sandar da aka gitta a kan hanya kuwa shaida ce kawai. Mota ta taso daga Katsina da kayan masarufi za ta Maraɗi ta Ɗan Isa, wata ta fito daga can da wake ko dabino ko dabbobi, kowacce sai an rubuta lambarta, da sunan direbanta, da abin da ta ɗauko, da yawansa, da kuɗin fiton da aka biya. Ran da aka wayi gari rajista ta ce buhu 300, aka ƙirga aka sami 280, to ran nan babu mai cin abincin rana da kwanciyar rai, tun daga akawu har shugaban ofis.

A zamanin da, rajistar nan littafi ce mai kaurin bango wadda akan ɗaure da zare a jefa a kabad, gara da yoyon damina su ne manyan abokan gabanta. Yau kuwa yawancinta ta koma cikin na'ura mai ƙwaƙwalwa, wato kwamfuta. Hukumar Kwastan ta Nijeriya ta yi shekaru tana aiki da tsarin ASYCUDA, wanda reshen Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ciniki ya ƙago, daga baya ta koma NICIS II, sa'an nan a shekarar 2024 ta fara shigo da wani mai suna B'Odogwu. A ɗaya ƙetaren, 'yan duwan na Nijar sun san ASYCUDA ɗin da sunansa na Faransanci, SYDONIA. Haka kuma da yawa daga cikin masu cin kasuwar Jibiya ran Lahadi sun ajiye ɗan littafin bashi, lissafinsu da rasitansu da hotunan takardun fitonsu duk suna cikin wayar da ke aljihu. Lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina a watan Satumba na 2021 saboda matsalar tsaro, Jibiya na cikinsu, jama'a sun gane sarai cewa abin da ke ajiye a cikin na'urar kanta shi ne a hannunsu, saura kuwa sai ran da layi ya dawo.

Wannan ajiya ta cikin na'ura tana da nata akawun, kuma ita ma takan ɓaci. Sau biyu a cikin shekarun baya, a 2018 da 2023, ta ɓaci a idon duniya, kuma yadda masana suka bi sawun ɓarnar har suka kamo ta abu ne da ya cancanci kowane ma'aikaci mai riƙe da fayil ya ji.

Kanel da magatakardansa

Kowace kwamfuta tana da wata manhaja ta can ƙasa wadda mai aiki ba ya gani. Ita ce ke raba wa sauran manhajoji lokaci da wuri, ita ce kuma ke magana da faifan ajiya da allo da eriya a madadinsu. Masana suna kiran wannan manhaja kanel. Kanel ɗin da ya fi yaɗuwa a duniya shi ne Linux, wanda wani ɗalibin Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fara rubutawa a 1991. Shi ne a cikin kowace wayar Android, shi ne a cikin da yawa daga na'urorin POS da ake cirar kuɗi da su a bakin tasha, shi ne kuma a mafi yawan manyan kwamfutocin da ke ɗauke da intanet. Ko da mutum bai taɓa jin sunansa ba, da wuya yini ya wuce bai yi hulɗa da shi ba.

Shi faifan ajiya bai san wani abu wai shi fayil ba. Sito ne mai gurabu miliyoyi, kowane gurbi da lambarsa. Sashen kanel da ke rubuta cewa fayil kaza yana gurbi kaza da kaza, tsawonsa kaza, mai shi wane, an taɓa shi ran kaza, shi ake kira tsarin ajiyar fayil, kuma in an kira shi magatakardan sito ba a yi kuskure ba. Linux yana da magatakarda iri-iri, amma wanda aka fi ba amana shi ne ext4, wanda aka tabbatar da nagartarsa a watan Disamba na 2008, wanda kuma wani masani Ba'amurke, Theodore Ts'o, ke shugabantar masu kula da shi. Wata ɗabi'a tasa ta dace da ƙasar da wuta ke ɗaukewa babu sallama: kafin ya taɓa babbar rajista, sai ya fara rubuta abin da yake niyyar yi a wani ɗan kundi na gefe. In wuta ta ɗauke aiki na tsaka, da an kunna sai ya duba kundin, ya ƙarasa abin da aka rubuta cikakke, ya watsar da wanda ya tsaya rabi.

A ƙarƙashin magatakarda akwai sashen dako. Magatakarda ba ya zuwa sito da kansa, umarni yake bayarwa, su kuwa 'yan dako su jera umarnan a layi, su haɗe waɗanda gurabunsu ke maƙwabtaka don a yi sawu ɗaya maimakon biyu, su miƙa wa faifai. Mai karatu ya riƙe wannan, don zai dawo.

Abin da ake kira koma-baya

Linux ba ya tsayawa wuri ɗaya. Kowane mako tara ko goma akan fitar da sabon zubi, kuma kowane zubi yana ɗauke da gyare-gyare fiye da 10,000 daga hannun masu rubutu kusan 2,000 da ke warwatse a duniya. Kowane gyara faci ake ce masa, kamar dai na taya, kuma kowane faci yana da lamba, da sunan wanda ya rubuta shi, da bayanin dalilinsa. Idan abu yana aiki jiya, aka saka faci, yau ya daina, shi ne koma-baya. Torvalds ya daɗe da kafa doka a kan wannan, kuma an san shi da zafi a kanta: facin da ya ɓata abin da ke yi wa mutane aiki, cire shi ake yi, komai kyawun niyyar mai shi.

Koma-baya suna suka tara. Wani zai hana sauti fita, wani zai sa na'ura ta daskare, a kashe a kunna a ci gaba. Na tsarin ajiya shi ne mugun, domin ba ya kururuwa. Na'ura tana aiki, allo yana haske, ma'aikaci ya danna ajiye ta ce ta ajiye, alhali abin da ya sauka a faifai ba shi ne abin da aka rubuta ba. Sai bayan mako ko wata, ran da aka buɗe fayil ɗin don biyan albashi ko don amsa tambayar masu binciken kuɗi, a tarar da shirme. Kafin nan kuwa an riga an kwafi ɓataccen an ɗora a kan mai kyau a wurin ajiyar ko-ta-kwana.

Saboda haka ne aka tanadi jarrabawa. Akwai wani tarin gwaje-gwaje mai suna xfstests, wanda ya samo asali daga kamfanin Silicon Graphics, yana da ɗaruruwan gwaji: a rubuta, a share, a cika faifai maƙil, a kwaikwayi ɗaukewar wuta, sa'an nan a ƙirga a ga ko rajista ta dace da sito. Akwai wani tarin mai suna LTP wanda ke gwada kanel gaba ɗaya. Ƙungiyoyi irin su Linaro suna da ɗakuna cike da na'urori waɗanda ba su da aiki sai gudanar da waɗannan gwaje-gwaje a kan kowane zubi kafin a sake shi. Amma gwaji iyakarsa ya ce wani abu ya karye. Faɗin wanda ya karya shi wani aiki ne dabam.

Raba biyu

Alal misali, a ce mota ta tashi daga Kano da buhu 300, ta isa Maraɗi da 280, kuma a hanya ta tsaya a wurare 16 waɗanda kowannensu ya ƙirga kayan ya rubuta. Mai bincike marar dabara zai fara daga na farko ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Mai dabara kuwa zai tafi kai tsaye wurin na takwas. In littafin nan ya ce 300, to wurare takwas na farko sun kuɓuta gaba ɗaya, sai ya tafi na goma sha biyu. In nan ya ce 280, ɓarna tana tsakanin na tara da na goma sha biyu, sai ya duba na goma. Da tambaya huɗu ya isa inda buhu 20 suka sauka.

Haka masana ke yi da kanel. Ma'ajiyar da ke riƙe da tarihin facin Linux, mai suna git, wadda Torvalds ɗin dai ya rubuta a 2005, tana da umarni na musamman don wannan aiki. Mai bincike zai gaya mata zubi na ƙarshe da ya san lafiya lau yake, da zubi na farko da ya ga ɓarna. Sai ta zaɓo masa tsakiya. Ya harhaɗa kanel daga nan, ya kunna na'ura da shi, ya gudanar da gwaji, ya dawo ya ce mata mai kyau ne ko marar kyau. Ta sake raba abin da ya rage biyu. Tun da kowane zagaye yana zubar da rabi, faci 16,000 ba sa bukatar fiye da zagaye 14. Ɗalibin lissafi zai gane dalili nan take, domin 2 in aka ninka ta a kanta sau 14 tana ba da 16,384.

A takarda abin da sauƙi. Wahalar tana wurin amsar nan ta mai kyau ko marar kyau. Idan ɓarnar irin wadda ke bayyana duk lokacin da aka gwada ce, to aiki na yini ɗaya ne. Amma idan sai ta ga dama take fitowa, yau ta fito bayan awa biyu, gobe ta yi kwana uku shiru, mai bincike zai iya jiran awa biyar bai ga kome ba, ya ce mai kyau ne, alhali ɓarawon yana ciki. Amsa ɗaya ta kuskure ta isa ta karkatar da duk sauran zagayen, a ƙarshe git ta nuna wani faci da bai san hawa ba bai san sauka ba. Shi ya sa gwanayen wannan aiki sukan ɓata mafi yawan lokacinsu wajen neman hanyar da za su tilasta wa ɓarna ta fito a duk lokacin da suka kira ta, kafin ma su fara rabawa.

Shekarar da aka zargi magatakarda

An saki zubi na 4.19 a watan Oktoba na 2018. Ba a jima ba rahotanni suka fara shigowa cewa ext4 yana ɓata ajiya. Mutum zai kashe na'urarsa lafiya, ya kunna, ta ce rajista ta rikice. Tun da saƙon kuka daga bakin ext4 yake fitowa, kowa ya ɗora masa laifi. Aka bi facin da aka saka masa a wannan zubi ɗaya bayan ɗaya, masu kula da shi suka yi ta gudanar da gwaje-gwajensu, ɓarna ta ƙi fitowa a hannunsu, ga shi kuwa masu kuka sai ƙaruwa suke yi. Wasu suka zargi faifansu, wasu suka zargi na'urarsu. Aka shafe makonni a haka.

Da aka samu hanyar tsokano ɓarnar da gangan, aka raba biyu yadda ya kamata, sai sawu ya fita daga ofishin magatakarda gaba ɗaya ya nufi sashen dako. An saka wani faci a can don a rage jira: in hanya a buɗe take, kada a sa umarni a layi, a miƙa shi ga faifai kai tsaye. To amma wani lokaci akan miƙa, faifai ya ce yana da aiki, a dawo da umarnin layi. Kafin a dawo da shi kuwa an riga an rubuta masa takardar kaya, wato jerin wuraren da za a ɗebo bayanan da za a rubuta. Yana nan a layi sai wani umarnin ya zo wanda gurbinsa ke maƙwabtaka da nasa, 'yan dako su haɗe su kamar yadda suka saba, amma takardar kaya tana nan yadda take tun farko. Duk direban da ya taɓa isa bakin iyaka aka ce ya koma ya jira, aka ƙara masa lodi yana jira ba a sake rubuta takarda ba, ya san ƙarshen labarin: abin da ke takarda shi za a sauke, a buga hatimi a ce an gama. Magatakarda yana zaune yana zaton duk abin da ya aika ya isa sito.

Jens Axboe, mai kula da sashen dako, ya rubuta gyaran a farkon Disamba, ya fito a zubi na 4.19.8. Laifin ext4 a cikin wannan al'amari bai wuce biyu ba: shi ne aka fi amfani da shi, kuma shi ne mai yawan duba rajistarsa, saboda haka shi ya fara ihu. A ofisoshi da yawa ma haka abin yake, akawun da ya fara cewa lissafi bai daidaita ba shi akan fara tuhuma.

Facin da ya ƙetare ba tare da abokin tafiyarsa ba

Al'amarin 2023 ya fi wannan ban mamaki, domin a cikinsa babu facin da za a nuna a ce ga marar kyau.

Ba kowa ne ke bin sabon zubi ba. Ofisoshi da bankuna da masu ƙera waya sun fi son zubin da ya zauna, wanda za a yi shekaru ana kula da shi. Don haka akwai rassa na dogon zango, waɗanda Greg Kroah-Hartman da Sasha Levin ke riƙe da su. Aikinsu shi ne su ɗebo gyare-gyare masu muhimmanci daga sabon zubi su mayar da su cikin tsofaffin. Ɗaya daga cikin rassan nan shi ne 6.1, wanda aka fara saki a Disamba 2022, kuma a kansa aka gina Debian 12, wani kammalallen tsari na Linux da ake yawan ɗorawa a kan manyan kwamfutocin ajiya, wanda ya fito a watan Yuni na 2023.

A ƙarshen 2023 wani masanin ext4 na kamfanin SUSE mai suna Jan Kara, wanda mutumin ƙasar Cek ne ko da yake sunansa ya yi kama da na wani ɗan unguwa a Katsina, ya rubuta faci don toshe wata kafa. Akwai wata hanyar rubutu da manyan manhajoji ke bi, wadda ke tsallake zauren jira na kanel ta kai bayani faifai kai tsaye. Facin nasa ya tabbatar da cewa in irin wannan rubutu ya ƙara wa fayil tsawo, to sabon tsawon ya shiga rajista kafin a ce wa mai rubutu an gama. Gyara ne na gaskiya, kuma a sabon zubi ya yi aiki daidai. Ganin haka aka ɗebo shi aka kai tsofaffin rassa.

Ga inda gizo ya yi saƙa. Duk fayil ɗin da aka buɗe yana da alamar wuri, kamar yatsan da akawu ke ɗorawa a kan layin da ya tsaya. In an rubuta layi goma, sai a gusar da yatsa gaba da layi goma, don rubutu na gaba ya ɗora daga nan. Wani sashe na kanel mai suna iomap shi ke gusar da yatsan bayan rubutun kai tsaye, amma sai ya ji ta bakin ext4 tukuna. A tsohuwar yarjejeniya, in ext4 ya amsa da sifiri, ma'anarsa lafiya, a gusar. In ya amsa da kowace lamba dabam, kada a taɓa. A zubi na 6.5 an canza wannan yarjejeniya, aka ce lambar da ke ƙasa da sifiri kaɗai ce alamar matsala. Facin Jan Kara an rubuta shi ne bisa sabuwar yarjejeniya, saboda haka yakan amsa da yawan abin da aka rubuta. Da aka kai shi reshen 6.1, inda tsohuwar yarjejeniya ke aiki, sai iomap ya ji lamba wadda ba sifiri ba, ya bar yatsa inda yake. Rubutu na biyu ya sauka a kan na farko, na uku ya sauka a kan na biyu, kuma babu wanda ya yi ƙara, domin kowane ɓangare ya bi dokar da ya sani.

Jarrabawa ta yi aikinta. A ƙarshen Nuwamba, lokacin da ake duba zubin da ake shirin saki, masu gwaji na Linaro suka ba da rahoton cewa wasu gwaje-gwajen LTP sun faɗi a tsofaffin rassa, aka raba biyu, sawu ya tsaya a kan wannan faci, aka cire shi daga rassan da aka yi kuka da su. Amma raba biyu sunan faci kawai take bayarwa, ba ta faɗin dalili. Tun da ba a san dalili ba tukuna, ba a san iyakar inda cutar ta kai ba, sai facin ya zauna a reshen 6.1, ya fita duniya a zubi na 6.1.64 da na 6.1.65. Ran 5 ga Disamba Jan Kara ya koma kan matsalar, ya zauna ya karanta sassan biyu gefe da gefe, ya gano saɓanin yarjejeniyar, ya rubuta wa Kroah-Hartman cewa duk reshen da ya girmi 6.5 kuma yake ɗauke da facin yana ɓata ajiyar mutane, a gaggauta. Ran 8 ga wata aka saki 6.1.66, wanda ya zo da facin iomap ɗin da aka baro a baya.

Sai dai labari bai isa ko'ina a lokaci ɗaya ba. Ran 9 ga Disamba ita ce ranar da Debian ta sa don sakin sabuntawarta mai lamba 12.3, kuma kanel ɗin da ke cikinta 6.1.64 ne. An riga an fara rarraba shi sa'ad da aka farga. Masu Debian suka tsayar da aikin, suka yi shelar cewa kada kowa ya sabunta na'urarsa, har da waɗanda suka saita nasu su riƙa sabunta kansu cikin dare. Washegari, 10 ga Disamba, suka fitar da 12.4 da gyararren kanel. Lambar 12.3 ta zama lambar da aka tsallake.

A daidai waɗannan kwanaki iyakar Jibiya a rufe take. An rufe ta a watan Agusta na 2023 bayan juyin mulkin da sojoji suka yi a Yamai ran 26 ga Yuli, motoci suka yi ta jibge a gefen hanya. Shi kuwa faci ba ya tsayawa a Magama. Duk wata kwamfuta a Katsina ko Maraɗi da ke jan sabuntawa daga intanet, abin da aka saki a Turai da safe zai iya kasancewa a cikinta kafin la'asar, babu mai tambayarsa takarda, babu mai duba ko ya zo da abokin tafiyarsa. Wayar aljihu ita ce ke da shingaye a gabanta, domin sai kanel ya bi ta hannun Google da kamfanin da ya ƙera wayar kafin ya iso, kuma wannan jinkiri da masu waya ke ƙorafi a kansa wani lokaci rahama ne.

Abin da ya rage ga mai ofis

Ba a sa ran akawun kwastan ko na sakatariyar ƙaramar hukuma ya harhaɗa kanel. Amma duk binciken da aka bayyana a sama ya tsaya ne a kan tambayoyi biyu waɗanda shi kaɗai ke da amsarsu: yaushe ne rana ta ƙarshe da abin ya yi aiki daidai, kuma me aka canza tun daga ranar? Rahoton da akan aika hedkwata mai cewa kwamfuta ta lalace, a turo injiniya, bai ba injiniyan bakin zare ko ɗaya ba. Zai zo ya sauya faifai, ko ya goge kome ya sake ɗorawa, ya tafi, in kuwa ɓarnar a cikin manhaja take to ya sake ɗora ta da hannunsa. Ofishin da ke da ɗan littafi a gefen na'ura, inda ake rubuta ranar kowace sabuntawa da lambar zubinta, ya riga ya yi rabin binciken tun kafin a kira kowa. Abin mamaki ne a ce ma'aikatar da ba ta barin buhu ɗaya ya wuce ba a rubuta shi ba, ta bar manhaja ta shiga na'urorinta babu ko kwanan wata.

Batun kwafin ko-ta-kwana ma yana bukatar a sake duba shi. Kwafi ɗaya da ake gogewa kullum a ɗora na yau yana maganin gobara da sata, amma ba ya maganin ɓarnar da ke tafiya shiru, tun da ɓataccen zai bi ya cinye mai kyau. Sai an ajiye na makon jiya da na watan jiya dabam, kuma a riƙa buɗe su lokaci-lokaci a ga ko suna karantuwa. Haka nan in ofis yana da na'ura goma, babu dalilin sabunta su duka rana ɗaya. Masu amfani da Debian da suka jinkirta kwana biyu a Disamba 2023 ba su ga ɓarnar ajiyar ba.

Ga ɗalibai kuwa, ƙofar wannan aiki a buɗe take fiye da yadda ake zato. Tarihin Linux gaba ɗaya, da kowane faci da muhawarar da aka yi a kansa, kyauta ne ga duk mai iya saukewa. A al'amarin 2018, masu amfani da na'ura na yau da kullum, waɗanda suka yi haƙurin harhaɗa kanel sau da yawa suna ba da rahoton abin da suka gani, suna cikin waɗanda suka kai masana ga bakin ramin. Ɗalibi a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ta Katsina ko Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi, in yana da tsohuwar kwamfutar da ba ya tsoron ta ɓaci, da wutar da za ta kai shi zagaye 14, yana da duk kayan aikin da ake bukata. Na'urorin da ake amfani da su a wannan yanki, da zafinsa da ƙurarsa da yawan ɗaukewar wutarsa, ba su cika samuwa a ɗakunan gwaji na Turai ba.

Zubi na 6.1.66, wanda ya ceci ajiya, shi ma bai zo hannu rabbana ba. A cikin sauran gyare-gyaren da ya ɗauko akwai wani na sashen Wi-Fi, wanda shi ma aka ɗebo daga sabon zubi, kuma ya riƙa daskarar da na'urorin mutane da yawa da suka yi saurin sabuntawa. Aka sake bin sawu, aka kamo shi. Bayan kwana uku aka saki 6.1.67, wanda ba ya ɗauke da kome sai cire wannan faci guda ɗaya. Iyakar Jibiya kuwa sai a watan Maris na 2024 aka buɗe ta.